Kwalta a Hannun Tabarak

Cibayish, ran Asabar

Zuwa ga Yaya Nuriya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, kuma zafin Basra bai kwantar da ku ba. Mu nan lafiya muke. Baba yana fama da gwiwarsa kamar kullum, ɓaunayenmu takwas suna ci suna ba da madara, ruwan fadama ya ja baya kaɗan.

Kada ki tambayi wanda ya rubuta mini wannan. Ni na rubuta, ni Rasmiya, matar ƙanenki marigayi Jabbar, wadda kika sani da dangwala yatsa. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan tatsar yamma. In kin ga layi ya karkace, a kan gwiwata nake rubutu. Na ƙi kiran ki a waya don wayar ta Baba ce, yana zama kusa yana saurare. Kuma a waya kin fi ni baki, kafin in haɗa kalma ɗaya kin yi goma. A takarda dole ki jira in gama.

Kin riga kin ji Tabarak ta karye. Najma ce, ɓaunar nan mai taurin kai, ta matse mata hannun hagu a jikin kwalekwale. Muka kai ta asibitin gari, aka ɗauki hoton ƙashi, aka sa mata farin siminti daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Likita ya ce, "Kada ruwa ya taɓa shi har mako shida." Na ce, "Likita, ka san inda muke kwana?" Ya ce bai sani ba. Na ce, "Ɗakinmu a kan ruwa yake. In na miƙa ƙafa daga tabarma sai in taɓa kifi." Ya ce, "To ki ɗaure mata leda."

Na ɗaure. Yarinya 'yar shekara takwas, a wurin da ko bayan gida sai da kwalekwale. Kwana goma simintin ya yi, ya jiƙe, ya koma kamar gurasar da aka tsoma a shayi.

Jiya Baba ya tara mu ya yanke magana. Ya ce za a sake sa mata wani. In na biyun ma ya lalace, a kai ta wurinki, ta zauna, ta shiga makaranta a can, tunda uwarta ta kasa riƙe hannu ɗaya a bushe. Na san ba jiya aka fara wannan zancen ba. Tun ranar arba'in ɗin Jabbar kika ce a ba ki ita, ina bayan labule ina ji.

To ga amsata, Yaya. Ba zan bayar ba. Ruwa ya ɗauke mini miji, ba zan bari tudu ya ɗauke mini 'ya ba. Kada ki turo mota. Abu Sattar mai motar madara zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa in kina da ita.

Taki,
Rasmiya


Basra, ran Litinin

Umm Tabarak,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, na gode. Ki gaida Baba, ki ce masa ya daina tsuguno a gindin kwalekwale in yana son gwiwar ta bar shi.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na yi dariya, na yi kuka. Wallahi rubutunki ya fi na likitocinmu karantuwa. Sai dai da kin fara koyon rubutu da gaisuwa kafin ki kai ga faɗa.

Ba zan ɓoye miki ba, na roƙi a ba ni ita. Shekara goma sha huɗu ina aure, ba motsin yaro a gidana, ita kuma jinin ƙanena ce. Amma yanzu ba wannan ne a gabanmu ba. Hannu ne. In ƙashin ya haɗe a karkace, haka za ta girma da shi, ko a wurinki take ko a wurina.

Ki saurara. A asibitin yara inda nake aikin ɗakin kati akwai wani sabon ɗauri da ake yi wa yaran da suka karye ko suka yi targaɗe. Ba siminti ba ne. Yana da tauri kamar ƙoƙon kunkuru, ba shi da nauyi, abin da ake shimfiɗawa a cikinsa kuma ba auduga ba ce, ba ya shan ruwa. Yara suna wanka da shi. Na ga wani yaro ya zo da nasa yana ɗiga, uwarsa ko a jikinta. In kuka koma aka sake sa farin nan, kin san kwana nawa zai yi, ni ma na sani, Baba ma ya sani.

Ki kawo ta ran Laraba, ku sauka a gidana. Sauran ki bar mini.

Yayarki,
Nuriya


Cibayish, ran Juma'a

Yaya Nuriya,

Gaisuwa. Muna lafiya, Tabarak tana gaida Gwaggonta.

Na karanta taki a hankali, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma. Da na iso wurin da kika ce mu sauka a gidanki, sauran in bar miki, sai na naɗe takardar. Na san yadda ake yi. A sauka, a ci abinci, a ce yarinya ta gaji ta kwana, gobe a ce ke ki koma ɓaunaye suna jira. Ban yi karatu da wuri ba, amma ban zo duniya jiya ba.

Sai dai hannun ya hana ni barci, kuma maganarki a kan farin simintin gaskiya ce. Don haka na tambayi Abu Sattar ranar da ba kya zuwa aiki, ya ce Alhamis. Jiya Alhamis muka shiga motarsa tsakanin jarkokin madara, muka zo Basra, muka koma. Ban taka gidanki ba. Gara ki ji daga bakina da ki ji a bakin abokan aikinki.

Abin da ya ba ni kunya, ina faɗin sunanta sai matar da ke wurin ta zaro kati, an riga an rubuta komai da hannunki, har ranar haihuwarta. Na gode da wannan. Godiyar katin kaɗai nake yi, ban canza magana ba.

Likitar mace ce, gajera, mai saurin magana. Ta yanke ruɓaɓɓen simintin, ta sake ɗaukar hoto, ta ce ƙashin bai goce ba, Allah ya taimake mu. Ta ce wa Tabarak ta zaɓi launi. 'Yarki ta zaɓi ruwan lemo, wai don Najma ta hango ta daga nesa ta ji kunya. Da ɗaurin ya yi tauri, sai likitar ta ja ta zuwa famfo ta buɗe ruwa a kai. Yaya, ihu na yi. Na riƙe mata riga na ce, "Baiwar Allah, kin san abin da za a yi mini in wannan ya jiƙe?" Ta yi dariya ta ce, "Umm Tabarak, ki duba ƙasa." Na duba. Ruwan yana shiga ta sama yana fita ta wajen yatsu.

Ta ba ni takarda, ta tambaya ko akwai mai karanta mini a gida. Na ce akwai, ni. Na karanta a gabanta. An ce in ruwan fadama ya shiga, a bi shi da ruwa mai tsabta, a sauke hannun ƙasa har ɗigon ya tsaya. An ce kada a cusa komai ciki don susa. Layin ƙarshe an ja masa layi biyu a ƙasa: kada a rufe shi da komai.

Da muka dawo Baba ya kama hannun, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga shi ga rana yana leƙen 'yan hudojin. Ya ce, "An aike ki ki kawo ɗori, kin kawo kwandon kifi." Tabarak ta ce, "Kaka, kishi kake yi don taka gwiwar ba a yi mata ado ba." Ya ce, "Yi shiru, 'yar agwagwa." Amma yana ta kallon ɗaurin.

Saura mako biyar, aka ce. Zan ƙirga su a nan, a ɗakina.

Rasmiya


Basra, ran Asabar

Rasmiya,

Ina fatan kun kwana lafiya. Ni ban kwana da daɗi ba.

Ran Laraba na dafa shinkafa da kifi, na sayo dabino mai laushi, na jira har la'asar. Yau na zo aiki aka ce mini, "Ai danginki sun zo, yarinyar mai ɗauri ruwan lemo." Na yi murmushi na ce na sani. Kin shigo garin nan kin wuce ƙofata kamar ta baƙo. Da na ce sauran ki bar mini, layi da kati nake nufi. Amma bari wannan, akwai abin da ya fi shi sauri.

Kin ce Baba yana ta kallon ɗaurin. Wannan layin ne ya tayar mini da hankali. Kada ki bar shi da yarinyar su kaɗai. Na san ubana. A wurinsa duk abin da yake da huda mara lafiya ne, maganinsa kuma guda ɗaya ne. Ina 'yar shekara bakwai aka ba ni jakar makaranta ta yadi, ya duba ya ce ruwa zai ci littattafaina. Kafin gari ya waye ya shafe ta da kwaltar da yake shafe kwalekwale. Shekara guda ina yawo da ita, yara suna toshe hanci suna kira na Jirgin Haji Mizhir, wato jirgin Baba. Ya shafe tulun Inna, ya shafe takalmin Jabbar. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da ya sani ke nan na ƙauna.

Ki ɓoye gwangwanin kwaltar in kina iyawa. Ki karanta masa takardar likita tun yau.

Nuriya


Cibayish, ran Lahadi

Yaya Nuriya,

Gaisuwa. Mun iso lafiya ni da Baba. Tabarak ta kwana lafiya? Ta ci abinci? Ba ta cin kifi sai an cire mata ƙaya, za ta ce miki ta iya, ƙarya take.

Jiya a asibiti kin tambaye ni da ido yadda aka yi, ban iya amsawa ba Baba yana tsaye. Wasiƙarki ta gargaɗi kuwa sai a hanyar dawowa Abu Sattar ya zaro ta daga ƙarƙashin kujera, da tabon madara a jiki. Mako guda tana can. Na karanta ta a mota, Baba yana gefena bai san sunansa nake karantawa ba.

Ga yadda aka yi. Ran Talata na tafi yankan kara da hantsi. Tabarak ta yi wanka, ta wuce ta gaban Baba hannun yana ɗiga. Ya ce, "Zo nan, 'yar agwagwa, jirginki yana yoyo." Ta ce, "Haka aka yi shi, Kaka." Ya ce, "Haka masu ha'inci suke cewa." Ya yi mata alkawarin zama a gaban kwalekwalensa in ta tsaya shiru. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi aikin da kula. Ya naɗe ɗaurin da yadi, ya toshe bakin sama da na ƙasa da tsumma, ya bar kwaltar ta huce har yana iya tsoma yatsa, sannan ya shafe. Ruwan wankan yana ciki.

Na dawo na tarar da hannun 'yata baƙi ƙirin yana sheƙi, tana nuna mini tana murna. Na durƙusa gaban Baba na roƙe shi ya bari a cire. Ya ce duk wanda ya taɓa kwaltar nan bai san darajarsa ba. Ran Laraba ta fara ƙaiƙayi. Ran Alhamis tana kuka tana buga hannun a jikin ginshiƙi. Ran Juma'a da safe na kai hancina, sai na ji warin ramin da ake jiƙa kara.

Kin san ran Juma'a maza suna cika zauren kara suna shan gahawa, kin kuma san mace ba ta shiga. Na ɗauki takardar likita, na riƙe hannun Tabarak na dama, na tsaya a ƙofa. Ban shiga ba, amma ƙafata ɗaya tana kan tabarmarsu. Na yi sallama na fara karantawa da ƙarfi. Na yi tuntuɓe a kalma biyu, na koma na gyara.

Falih ɗan baffanku ya ce, "Haji, tun yaushe mai tatsa ta zama alƙali?" Aka yi dariya. Na ce, "Tun ranar da kai ka bar makaranta a aji biyu, Falih." Aka yi dariyar da ta fi ta farko.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara hamsin ina hana ruwa shiga katako. Takardar mutanen birni ce za ta koya mini ruwa?"

Na ce, "Baba, in ruwa ya riga ya shiga kwalekwalenka, ta ina yake fita?"

Ya ce, "Ba ya fita. Kwarfe shi ake yi."

Na ce, "Da me?"

Ya ce, "Da gwangwani mana. Ke ma kin sani."

Na tura Tabarak ciki har gabansa, na ce, "To ga hannun jikarka, ka toshe shi gaba da baya da ruwa a ciki. Ba ni gwangwanin da zan kwarfe shi."

Baba ya jawo hannun. Ya sunkuya ya shinshina. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ajiye kofinsa, ya ce wa Falih ya nemo mota ta safiyar Asabar.

Sauran kin gani da idonki. Kin ga yadda zarto ya riƙa maƙalewa a kwalta, kin ga fatar ta yi fari ta saɓule. Kin ji likita ta ce sai an yi kwana takwas ana wanke ciwon kullum kafin a sa sabon ɗauri. Ba wanda ya ƙwace ta daga hannuna, ki riƙe wannan. Ni na ɗora hannunta a naki, don ɓaunaye ba sa jiran mutum kwana takwas, hannun kuma ya fi zuciyata muhimmanci.

Da muka sauka a bakin ruwa Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na biyu ya lalace. Kin ji abin da na faɗa tun farko." Na ce, "Wa ya lalata shi?" Ya ce, "Ban ce in wane ya lalata ba. In ya lalace na ce. A gaban mutane na faɗa." Na gane. Na kunyata shi a zaure, yanzu ba ya iya janye magana ko da yana so.

Shi ya faɗi tasa, ni ma ga tawa. Kwana takwas na ba ki, Yaya. Aro ne.

Rasmiya


Basra, ran Alhamis

Umm Tabarak,

Muna lafiya. Ina rubutu a gurguje tsakanin aikin gida.

Ciwon yana bushewa, ƙashin yana nan a miƙe. Likita ta ƙara kwana uku, akwai wuri ɗaya kusa da wuyan hannu da bai rufe ba. Tana cin abinci sosai, kuma gaskiyarki, ba ta iya cire ƙaya ba. Ta gano fanka. Tana zama a gabanta tana kiran sunayen ɓaunayenku ɗaya bayan ɗaya don ta ji muryarta tana karkarwa. Maigidana ya ce bai san gidanmu shiru yake ba sai yanzu.

Jiya mun wuce ta gaban makarantar unguwarmu, ta tsaya tana leƙe ta ƙofa. Na saya mata jaka. Baba ya kira ni sau biyu.

Nuriya


Cibayish, ran Asabar

Nuriya,

Ban tambayi lafiyarki ba don na ga kina lafiya, har kina zuwa kasuwa sayen jaka.

Takwas ya zama goma sha ɗaya. An leƙa makaranta. Baba ya kira sau biyu, ba ki faɗa mini me kika amsa masa ba. Na ce miki a hankali nake karatu, amma abin da ba a rubuta ba ma ina ganinsa.

Ran Laraba kwanakin likita sun cika. Ran Alhamis zan bar tatsa ga maƙwabciya in zo. In kin rufe ƙofa zan zauna a bakinta. In maigidanki ya kira 'yan sanda su zo, zan karanta musu sunana a kan takardar haihuwarta, yanzu na iya. Na tsaya a ƙofar zauren maza, ƙofarki ba ta fi ta tsawo ba.

Uwar Tabarak


Basra, ran Talata

Ƙanwata,

Zan sa wannan a cikin jakar Tabarak, za ki same ta bayan na juyo. Gobe da an sa mata sabon ɗauri ni da kaina zan kawo ta, don akwai maganar da zan yi da Baba, ba ta waya ba ce. Wadda zan yi da ke kuwa bakina ba zai iya ba.

Kin yi gaskiya, na so in riƙe ta. Ranar da na saya mata jakar ban san wace makaranta nake nufi ba. Baba ya ce mini, "Ta zama taki, na gama magana." Na ajiye wayar, na fara tunanin inda zan sa gadonta. Ba zan ce miki ban yi murna ba.

Sai shekaranjiya na shigo na same ta a banɗaki ta cika baho, ta tsoma ƙafafu. Na ce me take yi. Ta ce, "Gwaggo, gidanki ba ya motsi. Na kasa barci."

Ni ma haka na ce wa matar baffana shekara talatin da suka wuce. Ba ki san wannan ba, ba ki zo gidan ba tukuna. Ina da shekara tara na yi zazzaɓi, aka kawo ni Basra shan magani. Wata biyu aka ce. Na warke, aka ce ga makaranta kusa, bari ta gama shekara. Inna ba ta iya rubutu ba, ba ta da hanyar cewa a dawo mata da 'yarta, sai dai ta aiko da gurasar shinkafa a ƙulle cikin tsumma. Ta rasu ina aji shida, labari ya iso ni bayan an binne ta. Na sami karatu, na sami aiki, ba na raina su. Amma ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambaye ta.

Da wasiƙarki ta faɗa ta iso, wadda ba gaisuwa a cikinta, na zauna a ƙasa na riƙe ta. Irinta na jira daga Inna shekara uku.

Baba ya ce in ta lalace a kawo ta wurina, an kawo, maganarsa ta cika. Bai ce ni ba zan iya mayar da ita ba. Abin da zan faɗa masa ke nan gobe, in ya ga dama a zauren ma.

Jakar ta makarantar Cibayish ce. Ki ɓoye ta daga Baba.

Yayarki,
Nuriya


Cibayish, ran Litinin

Yaya Nuriya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, har da wadda na hana ki a waccan takardar. Ina fatan kin isa gida lafiya. Ki gaida maigidanki, ki ce masa na ji abin da ya ce game da shiru.

Na sami wasiƙarki a ƙasan jakar. Na karanta ta a cikin garken ɓaunaye don kada a ga fuskata. Ba ni da kalmomin amsa ta, ba a koya mana su a aji ba tukuna.

Bayan tafiyarki Baba ya yi kwana biyu yana fushi. Ba ya ko kallon ɗaurin, ga shi kuwa kore shar wannan karon, ba ya ɓoyuwa. Ran Asabar Tabarak ta zame a bakin ruwa, hannun ya nutse cikin laka har gwiwa. Na taho da gudu da jarkar ruwan sha, sai na tarar ya riga ni. Ya zaunar da ita, ya riƙe buta yana zuba ruwa ta sama, ya sunkuya yana kallon yadda yake fita ta wajen yatsu. Ya zuba har sau uku. Ta ce, "Kaka, ai ya fita tas." Ya ce, "Yi shiru, ina duba aikinsu ne." Ta ce, "Ya yi kyau?" Ya ce, "Kwando ne. Amma wanda ya saƙa shi ya san ruwa." Tun ranar shi yake wanke mata, ba ya bari in taɓa butar. Jiya ya ce in sake karanta masa takardar likita, wai don ya ji ko na tsallake wani abu.

Gwangwanin kwaltar yana nan inda yake, ban ɓoye ba. Jakar dai tana ƙarƙashin shimfiɗata, don na kama shi yana murza yadinta da yatsa.

Saura mako biyu a cire. Ranar zan kawo ta da kaina, ran Laraba, ba Alhamis ba. Ki dafa shinkafar nan da kifin da na sa kika yi asara. Za mu kwana biyu. In aka yi dogon hutu kuma zan aiko miki ita kwana goma ta yi wa fankarki waƙa. Ni zan aiko, ni zan faɗi ranar dawowa, kuma zan rubuta ranar a takarda da hannuna.

Ƙanwarki,
Rasmiya